Kunne Biyu, Murya Ɗaya

Sha ɗaya na dare a Mabera.
Janareton maƙwabci na tari, ni ina gaban kwamfuta.
Luba ta gidan rediyo ta aiko saƙo na uku:
"A mayar da shi mono, a matse shi
yadda waya za ta iya ɗauka.
Gobe da hantsi za mu sa."

Hira ce da Baba Mainasara majemi,
minti arba'in da biyu a ƙarƙashin rumfarsa,
yana ba da labarin jar akuya da bagaruwa,
da yadda ake lallashin fata
har ta yi laushin kunnen jinjiri.
Ran Talata muka yi ta.
Mako uku bayan nan aka kai shi makwanci.

A kunnuwana yana nan garau,
layi biyu a fuskar allo, sama da ƙasa,
kamar kunyoyi biyu a fadamar Kwalkwalawa.
Na danna a haɗe su. Na jira. Na buɗe.
Babu Baba.
Ga zakara can nesa, ga babur ya wuce,
ga taɓarya a wani gida,
amma muryar ta koma ta mai kira daga ƙasan rijiya.

Na zargi manhaja, na cire ta na sake ɗorawa.
Na zargi matsi, na sassauta wa fayil wuya,
daga sittin da huɗu zuwa ninkinsa:
ya yi ƙiba, bai yi magana ba.
Na sauya masa riga, wannan tsari, wancan tsari.
Na kashe, na kunna, na yi salati.
Rabin datata ya tafi wajen tambayar mutanen
da ba su taɓa jin tarin Baba ba.

Sai na kira Cika, mai gyaran lasifika a Tsohuwar Kasuwa.
"Lahiya da tsakad dare?"
Na zayyana masa.
"Wace waya ka sa wa makirfo na biyu?"
"Wadda ka liƙa mini."
Ya yi shiru, irin shirun mai laifi.
"Buɗa zanen. Matso kusa. Matso ƙwarai."

Na matso har igiyar sauti ta zama tudu da kwari.
Inda na sama ya hau, na ƙasa ya gangara.
Inda wannan ya ce e, wancan ya ce a'a,
daidai wa daida, ko ƙwayar gero babu ragi.
Bakin waya biyu aka juya ranar liƙi da dalma.
Muddin kowa na kunnensa, zaman lafiya,
ka zuba su a ƙwarya ɗaya
sai su cinye juna, su bar maka zakara.

"Juya guda," in ji Cika, "ko ka yas da shi."
Ban iya yarwa ba.
Wane ɓarin Baba ne na yarwa?
Na kifar da na ƙasa
kamar yadda na ga yana juya fata a shanya.
Tudu ya sami tudu.
Na fitar, hannuna na rawa.

"To yaro, bagaruwa ba ta son gaugawa,"
in ji shi, daga tsakiyar ƙaramar lasifika,
har da tarin, har da tsakin da ya yi wa ƙuda.

Mega ashirin. Na aika wa Luba.
Na ɗauko guntun jar fatar da ya ba ni tukuici,
na ɗaure wa wayar nan a wuya don kada in manta halinta.
Sannan na koma farko.
Maƙwabci ya kashe janareto a minti na talatin,
ɗaki ya yi duhu, batir ya rage kaɗan,
Baba bai kai wajen rini ba tukuna.