Zanen Yatsa

Ƙarfe tara da kwata suka ba ni.
Na baro Hull gari bai waye ba,
da jakar leda mai ɗauke da shekara biyar:
takardun albashi sittin, ko ɗaya ba ta ɓace ba,
ta haya, ta wuta, ta ruwa,
da ta auren da aka ɗaura a Malumfashi,
an juya ta Turanci a kan fam arba'in
har na kasa gane kaina a ciki.

A Leeds, yarinyar da ke bayan tebur ta ce in ɗora yatsa.
Na ɗora.
Na'ura ta kawo ja.
Ta ce in goge, in sake.
Na goge a bakin mayafi, na sake.
Ja.
Ta ɗaga hannuna sama kamar mai duba ƙwan zabi a rana,
ta ce, "Zanen ya shafe. Wane aiki kike yi?"

Wane aiki.
Da na ce mata ta tambayi Doreen ta ɗaki na shida,
wadda nake yi wa wanka tun tana riƙe sunana
har ta koma kirana da sunan ƙanwarta.
Ta tambayi sabulu, ta tambayi ruwan zafi,
da zannuwan gadon da nake sauyawa ƙarfe uku na dare.
Zanen yatsana yana nan, bai bar ƙasarku ba,
a gadon bayan tsofaffinku na bar shi,
kaɗan yau, kaɗan gobe.

Ban faɗa ba.
Mai nema ba ya tsawaita harshe.

Ina da ɗan littafi mai jan bango
inda nake rubuta kwanakin da na yi a waje,
don an ce akwai iyakar da ba a tsallakewa.
Bikin Hansatu: ban je ba, a waya na ga lallen.
Rasuwar Baba: kwana goma sha ɗaya.
Na samu addu'ar bakwai.
Ta arba'in a ɗakin wanki ta same ni,
ina ninke tawul ina cewa amin.

Bizar Sagiru a jikin tawa take rataye
kamar guga a bakin igiya.
Ba ya son in faɗi haka. To, ai gaskiya ce,
in na tsinke, rijiya zai faɗa,
shi da Mardiyya da aka haifa a Funtuwa,
da Nafi'u, haifaffen asibitin nan,
wanda bai taɓa ganin kuka a tsaye ba sai a miya,
amma fasfonsa kore ne shar.
Kowane kai da kuɗinsa.
Adashi biyu na kwasa, na sayar da 'yan kunnen Inna,
ban gaya mata ba tukuna.

Jarrabawarsu ma na ci.
Na haddace koguna, da ranakun waliyyansu,
da matan wani sarki su shida,
wadda aka saka da wadda aka fille wa kai.
Sagiru ya ce wannan karatu kada ya kwana a gidansa.

Yarinyar ta waiga, ta buɗe jakarta,
ta lakato mini man shafawa mai ƙamshin lemo.
"Murza," in ji ta. "Kakata ma haka nata suke."
Muka bi su ɗaya bayan ɗaya,
babba ya ƙi, manuni ya ƙi,
sai ƙaramin yatsan hagu,
malalacin da ba ya riƙe tsumma, ba ya matse soso,
shi ne ya fara kawo kore,
shi ne ya ce ni ce.

An ce in jira, wata shida ko ƙasa da haka.
Na kama jirgin sha ɗaya da rabi,
hannuna na ƙamshin lemo har tasha.
Ƙarfe biyu zan karɓi aiki.
Yau Talata, ranar wanke wa Doreen kai.