Mi Tac Ce Yau?

Kafin Aliero ta farka,
kafin jakin farko ya yi kuka bayan rudu,
na'urata ta gama karanta duniya.
Jaridu goma sha bakwai, sanarwar kwastan,
saƙonnin direbobi daga Kamba har Anacha,
ƙorafin matan Legas kan tsadar miya,
duk ta tankaɗe su cikin dare
ta bar mini tsakin a kan allo.

Babana Nahantsi bai taɓa ɗora mata yatsa ba.
Shekara arba'in da kunne ya yi fataucin albasa.
Yakan zauna tashar Jega da goro a kunci
ya bar direbobi su yi ta zuba.
Daga yadda Arzika ya dire kofin shayi
yake sanin halin da hanya ke ciki.
Yanzu yanar ido ta rage masa rana,
sai ya dafa ƙyaure ya ce,
"Hurera, mi tac ce yau?"

Wata Laraba ta ce: ruwa.
Sau dubu da ɗari uku cikin mako guda
kalmar ta ɗago kai a bakin mutane.
Jan layi ya miƙe a allo kamar kububuwa.
Na ce, Baba, ambaliya ce tafe,
hanyar Yawuri za ta yanke,
mu sayar da buhu ɗari shidan nan
tun ba su ruɓe a hannunmu ba.

Ya jawo kujera.
"Bar ƙidaya. Karanta mini."

Na karanta.
Ba ruwana da bashin wani.
Ina ruwan manya da talaka.
Dillali ya yi ruwa ya yi tsaki.
Kuɗin ruwa ya hau.
Kuɗin ruwa ya sake hawa.
Banki ya ce kuɗin ruwa...

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ko ɗigo babu a cikin ruwan nan.
Amma da ya share hawaye sai ya yi shiru,
ya ce, masu ciwo bashi su ɓoye albasa
bana hannunsu ba zai kai ba.
Rudu zai yi ƙaranci a garin nan.
Wanda ya iya haƙuri har damina
shi zai yanka wa kasuwa farashi.

Ita ta jiyo, shi ya gane.
Ni ina tsakani, kunya ta ishe ni.

Daren nan na zauna koya mata Hausa,
cewa ruwa ba kullum yake jiƙa ba,
wuta a kasuwa ba gobara ba ce,
in an ce kaya sun yi kwantai
ba barci suke yi ba.
Ta ɗauka da sauri, ba ta da girman kai.
Ita ce ma daga baya ta tsinto wata takarda
da Faransanci, daga tsallaken iyaka,
wadda kunnen Baba ba zai taɓa ji ba.
Muka juya mota biyu kafin su isa shinge.

Sai dai jiya ya tambaye ni,
"Kwana nawa rabon Arzika da magana?"
Na duba. Tara.
Na'ura ba ta ce komai ba,
ba a koya mata ƙidayar shiru ba,
ni ma ban san ta inda zan fara ba.

Maƙwabta na cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba,
'yar mai kunne ta koma kallon gilashi.
Su yi ta faɗi.
Buhunanmu na nan a inuwa, suna jiran damina.
Da yamma nakan shiga in juya su,
in shinshina ko ɗaya ta fara laushi,
Baba kuma yana bakin titi
yana sauraron kukan wata tsohuwar mota
da ba ta iso ba tukuna.