Haƙorin da Ya Wuce Kunnena

A gangaren Lonquimay, inda dusar ƙanƙara
ke kwana a kafaɗar dutse har bazara,
akwai wata rumfar kwano da ta girmi uwata.
Ƙarƙashinta faifan zarto, tsayinsa ya kai ƙirjina,
haƙora arba'in da shida, ba murfi, ba shinge,
sai bel mai tsawon taku goma
yana lilo daga tukunyar tururi kamar harshen sa.

Don Eliodoro ke riƙe da liba.
Yatsu bakwai gare shi.
Ran da na fara aiki bai tambayi sunana ba,
mayafin ulun da ke kafaɗata ya cire, ya rataye a ƙusa.
"Bel bai san riga ba, bai san mutum ba,
abin da ya cafka da shi yake tafiya."
Ya ja layi a ƙasa da dunduniyar takalmi.
"Nan za ka tsaya. Can hanyar zarto ce,
duk abin da zai tofar, ta can yake tofarwa."

Injin ya cinye masa kunne tun ban zo duniya ba.
Da tafin ƙafa yake sauraro.
In faifai ya yi zafi ya fara rawar kai,
daɓen katako ke gaya masa.
Kullum da asuba yana bin haƙoran da magagari,
yana ƙwanƙwasa kowanne,
kamar mai tashin 'ya'yansa daga barci.

Ran wata Juma'a, sanyi na yanka hanci,
aka mirgino gungume daga iyakar gonar Fresia Huenchullán.
Lafiyayye, ba kogo, ba ruɓa.
Wa ya san kakanta ya naɗa masa waya mai ƙaya
shekara sittin da suka wuce,
itace ya haɗiye ta ya kama bakinsa?

Keken gungume ya taho a kan dogo.
Zarto ya shiga yana kukansa na kullum,
sai ƙwal!
Tartsatsi.
Wani abu ya wuce kunnena kamar zirnaƙo,
ginshiƙin da ke bayana ya amsa.

Tsoho ya rufe tururi.
Amma faifai ba ya tsayawa don an ce ya tsaya.
Kuka ya mutu, haƙora na ta gudu,
har ka ga kamar ba sa motsi.
Wani ɓaɓɓaken katako ya maƙale a gefensa,
ni kuwa, jikina na ɓari, hankalina na wani wuri,
na miƙa hannu in cire.

Sanda ce ta sauka a wuyan hannuna.
Har yau in sanyi ya yi wurin na tuna mini.
Bai yi faɗa ba. Hagunsa ya ɗaga
ya kawo giɓin dab da idona.
"Waɗannan ukun, bayan na kashe injin suka tafi.
Miya ke hucewa a gida, ina sauri."

Muka ƙirga tare har casa'in
kafin ƙarfen ya tsaya cak.

Da wuƙa ya tono haƙorin daga ginshiƙi,
ya shige har rabin ɗan yatsa.
Ya ɗora mini a tafi, da sauran ɗumi.
Taku ɗaya tsakanin inda na tsaya da layin da ya ja.
An ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa,
to, ran nan layin dunduniya ne ya sa ya yi ɓatan hanya.

Ban gaya wa Millaray ba.
Wajen wanki ta tsince shi a aljihu,
ta juya shi, ta dube ni, ba ta ce uffan ba,
ta ajiye shi a bakin taga kusa da butar shayi,
inda dole in gan shi kafin in fita.

Yanzu kowane gungume sai na zagaya shi da gatari,
ina ɓare ɓawo, ina neman tabon tsatsa.
Sauran ma'aikata na cewa ina ɓata rana.
Su faɗa.
Akwai sauran goma sha ɗaya daga wannan iyakar gona,
suna kwance a ƙofar rumfa, ƙanƙara a bayansu,
ba wanda ya ce komai.