Fankar Tanimu

Tanimu ya kawo ta cikin buhun albasa,
ya dire mini a tebur, a kasuwar Kasala.
Ya ce, "Jibo, kullum sai ta suma kafin azahar.
Lissafin lambuna tara na cikinta,
da bashin direbobin Bur Sudan."

Na kwance sukurorinta goma sha ɗaya,
na zuba su a finjalin gahawa kada su ɓata.
Ɓawon albasa ya toshe mata hanci.
Na hure, na goge, na shafa mata sabon man sanyi,
amma ciwon ba a nan yake ba.

Akwai wani ɗan guntu mai ƙafa takwas,
bai kai ƙwayar kankana ba.
Shi ke riga kowa farkawa,
ya ƙirga ma'ajiya, ya tada allo,
ya gaya wa fanka lokacin juyawa.
Wanda ya rubuta masa karatunsa
a garin masu rigar sanyi yake zaune.
Bai taɓa ganin Dutsen Taka da ƙarfe biyu ba,
sa'ad da ko akuya ba ta yarda ta taka shi.
Ya rubuta, ya kulle,
ya tafi da makullin a aljihu.

To, akwai wasu mutane da ban san fuskarsu ba,
masu rubuta irin wannan karatu su bar ƙofa a buɗe.
Ka shiga, ka karanta, ka gyara,
ba mai tambayarka ɗan wane ne kai.
Na ɗebo nasu da dare,
lokacin da layi ke ɗan tausaya wa talaka.

Kafin komai na kwafe tsohon har sau biyu,
don ba a zubar da ruwan tulu saboda hadari.
Na maƙala matsefi a ƙafafun guntun,
hannuna na rawa kamar na mai yi wa ɗansa allura.
Na zuba. Na danna.

Baƙi ƙirin.
Ko tari ba ta yi ba.

Na zauna ina kallon lambuna tara a cikin duhu.
Janareton maƙwabci ya mutu, ya sake tashi.
Sai wajen asuba na gano laifina:
layi ɗaya, sunan wani allon daban.
Na gyara, na sake zubawa,
sai ga ɗan farin rubutu a kusurwa,
siriri kamar jinjirin wata.

Sannan na zauna da lambobin.
Su sun ce fanka ta jira sai saba'in.
Na ce a'a, nan inuwa ma arba'in da biyar ce,
ki tashi a hamsin da biyar, a hankali.
A saba'in ki buɗe murya.
A tamanin da biyar ƙwaƙwalwa ta rage gudu,
kamar raƙumin Hadandawa da ya san nisan rijiya.
In an kai casa'in da takwas, to, kwanta,
rai ya fi lissafi.

Na gwada ta a rana, kan buhunan da kansu.
Azahar ta zo ta wuce.
La'asar ta same ta tana tara kuɗin mota.

Tanimu ya kara kunne, ya yamutsa fuska:
"Yanzu kuma surutu ta koya?"
Na ce, wadda ta yi shiru ai ita ce ka kawo a buhu.
Ya biya ni rabi kuɗi, rabi albasa.

Da dare na aika wa mutanen nan lambobina,
da ɗan bayani: an gwada a Kasala, watan Mayu.
Bayan kwana shida wata ta amsa daga inda ban sani ba,
ta ce na bar tazara kaɗan tsakanin tashi da tsayawa,
fankar za ta riƙa shiga da fita kamar mai mantuwa.

Gaskiyarta.
Gobe zan bi Tanimu lambu da sukudireba.