Shafi na Huɗu

Shagona ƙarami ne, bayan layin 'yan gwanjo
a Kasuwar Barci: injin buga takarda,
fanka mai karyayyen wuya, da benci guda
inda masu shirin tafiya ke zaman jira.
Ni ke cike musu fom, ni ke karanta musu
abin da za su sa wa hannu.

Ran Laraba Haladu ya shigo,
mai waldar ƙofofi daga Panteka,
tartsatsi ya gama huda masa gaban riga.
Ya ajiye ambulan a hankali
kamar mai ajiye ƙwai a kan dutse.
Ya ce, "Malam Zubairu, duba mini,
amma fara da wurin albashin."

Na fara da wurin albashin.
Ya ƙirga da yatsu, ya juya shi naira,
ya sake ƙirgawa, bai yarda da kansa ba.
Nan take ya biya hayar Unguwar Sanusi,
ya yi wa Inna rufin kwano,
ya sa Hajjo makarantar jinya,
duk kafin in juya shafi.

Shafi na huɗu shi ne mai ƙaya.
Rubutun ya ƙanƙance kamar ƙwayar gero:
shekara biyu ba leƙo gida,
fasfo na hannun mai kamfani,
kuɗin jirgi bashi ne, a yanka wata-wata,
da na kwana, da na mota, da na rigar aiki.
In ciwo ya kwantar da kai, ranar ba taka ba ce.
In ka ce ka fasa, ka biya abin da ba ka ci ba.
Awa nawa a yini? Takarda ta yi gum.

Na ce, "Haladu, ka dai ji?"
Ya ce, "Na ji. Shekara ashirin da uku
babana yana saƙar atamfa a Kakuri.
Takardarsa ba ta da shafi na huɗu,
amma tun da aka garƙame masaƙa
har ya koma ga Allah yana jiran kuɗin sallama.
Miƙo biron."

Ya riga ya sayar da janareta
da filin gado na can Rigasa,
ya kai wa ejan mai ofis a bene,
mai dogon carbi da gajeren bayani.
Jiƙaƙƙe ba ya gudun yayyafi.
Na nuna masa layin.
Biron ya ƙi, sai da ya hura masa iskar baki.

Wata bakwai ke nan. Daren jiya, saƙon murya,
ƙarfe na kuka a bayansa:
"Mu takwas ne a ɗaki, gado bisa gado.
Na iya roƙon ruwa da harshe uku.
Albashin wata biyu yana hanya, in ji su.
Ranar nan ba irin tamu ba ce,
tun hantsi ƙarfe ke cizon hannu.
Kada ka gaya wa Inna. Ka ce lafiya lau.
Ka ce na yi ƙiba.
Wai mai ƙosan bakin gada tana nan?"

Tana nan, Haladu. Kogi ma ya cika bana.

Da safe Inna ta aiko Hajjo jin labari.
Na ce lafiya lau. Na ce ya yi ƙiba.
Ta ce an sa rabin kwanon,
rabin na jiran ƙarshen wata.

An ɗauke wuta tun azahar.
Benci ya cika: samari uku,
da wata mai ɗinki da aka yi wa alkawarin aikin otal.
Kowa cewa yake, fara da albashin.

Ni da na haddace shafi na huɗu,
a aljihun tebur, ƙarƙashin tsofaffin rasit,
ga fasfona nan, kore, ba hatimi ko ɗaya.
In kasuwa ta watse nakan fito da shi,
in duba saura wata nawa ya mutu.