Sikeli Biyu

Ƙarfe huɗu da rabi, Busan na barci,
ni Malsuk ina hawan tudun majami'a,
gwiwa na ƙara, iskar teku na yankan kunne,
hannuna na ƙarnin kifin jiya
duk da sabulu, duk da ruwan zafi.

Shekara talatin da ɗaya ina auna kifi a Jagalchi.
Sikelina bai taɓa cutar kowa ba,
ku tambayi kasuwa.
Amma akwai wani a ƙirjina
wanda babu hukumar da ta taɓa duba shi.
Shi ne ɓarawon, ni yake cuta.

Da shi na auna Bongnye.
Benci ɗaya muka zauna a firamare,
ita ce ma ke kwafar lissafina.
Yau ɗanta likita ne a Seoul,
rigar sanyinta ruwan zuma,
in ta ɗaga murya a waƙa
har fasto kan lumshe ido.
Nawa ɗan, Taegon, ƙanƙara yake turawa a baro,
ya dawo leɓe a tsage, ya ci shinkafarsa shiru.
Ni kuwa in na rera, ta kusa da ni sai ta gyara zama.

Nakan sunkuya in ce, "Uba, na gode,"
godiya iyakar baki,
ido na satar kallon kaurin ambulan baikonta.

Wata Talata a tsakiyar Janairu,
kowa na addu'arsa da ƙarfi,
ɗakin na gunji kamar teku ta cika,
sai hayaniyar ta ɗan lafa,
na tsinci sunana a bayana.
Muryar Bongnye ce, ba ta waƙa ba, a shaƙe:
"Ka ba Malsuk ɗan da ke cin abinci tare da ita.
Nawa, wata bakwai, ko waya babu.
Ni me na yi?"

Bari in faɗi abin kunya:
daɗi na ji.
Wani sanyi ya ratsa ni kamar an biya ni tsohon bashi.
Ban gama lasa ba ya koma maɗaci,
don na gane ƙarar ƙarfen:
sikelin nan ne dai, yau ya rinjayo wajena.
Ashe hassada da fahariya uwa ɗaya uba ɗaya.

Wanda ya hau gicciye bai tambayi nauyina ba.
Bai aza ni gefe, ya aza Bongnye gefe ba.
Farashi ɗaya ya biya, bai taya ba, bai nemi ragi ba.
Ni 'yar kasuwa na san ba a haka,
amma haka ya yi.

Na juya. Na kama hannunta mai laushi
da nawa mai kaushi da ƙarni.
Ba ta janye ba.

Ba zan ce na warke ba.
An ce hali zanen dutse,
amma na ga yadda ruwa ke cin dutse a Taejongdae,
kullum kaɗan.
Har yau ido kan zame,
ya faɗa kan takalmin wata,
ko tiren wata da ya riga nawa ƙarewa.
In ya zame, sai in kai sunanta gaban Uba,
in roƙa mata ƙari.
Da wuya ka auna wanda kake yi wa addu'a:
hannu biyu na sama, wa zai riƙe sikeli?

Yanzu daren Asabar kwano uku nake jerawa.
Bongnye ta zo da kimchinta mai yawan gishiri,
Taegon ya gasa kifin da bai sayu ba,
ta riƙa cire masa ƙaya kamar ita ta haife shi.
Gobe zan rera da muryata ta hankaka,
wanda ya yi hankaka ai bai yi kuskure ba.

Litinin in koma rumfa.
Sikeli ɗaya ya ishe ni,
na kifi.