Rana a Kan Kwanonmu

Ni ke riƙe da littafin masana'antar Baba,
injin matsar man gyaɗa a Chikaji,
ɗaki uku, ma'aikata tara, sikeli ɗaya mai tsatsa.
Abin da zan faɗa ba a bakin hanya na tsinta ba,
da biro na rubuta, da idona na auna.

Muna da janareto, yara suka laƙaba masa Acici.
Kafin a zuba gyaɗa sai an zuba masa dizal,
jarka biyu da safe, ɗaya bayan la'asar.
In ya yi tari, Tanimu makaniki ya zo da jakar sifana,
ya tafi da kuɗin cefanen Umma.
Ranar Alhamis in na ja layi a ƙarƙashin lissafi,
riba kan leƙo kamar ɓera,
ta koma rami, ba ta kwana.

Wutar nepa kuwa baƙuwa ce mai jan aji,
ta zo ana kiran asuba, ta tafi kafin a shafa.
Ta bar tunkuza ta daskare a cikin injin,
Iliya ya wuni da guduma yana ɓamɓara.
Amma ƙarshen wata takardarta ba ta makara,
ta san gida, ta san suna.

Hajiya Gambo ta kasuwar Sabon Gari,
mai ɗaukar jarka arba'in duk mako,
sau uku ta turo mota ta koma wayam.
A na huɗu ba ta turo ba, ba ta kuma yi faɗa ba.
Wannan shirun ne ya yi wa Baba ƙuna.

Ya sayar da filinsa na hanyar Giwa, ya ƙara da rance.
Ƙannensa suka ce, "Barau ya zautu,
ya ba da ƙasa ya sayo gilasai."
Aka hau kwano da faranti sittin da huɗu,
baƙaƙe, a jere kamar shanyar fata a majema,
suna kallon sama, ba su magana.

Watan farko ban yarda da hannuna ba,
na sake lissafin har sau uku.
Layin dizal ya rame, kamar wanda ya tashi daga jinya.
Yanzu in na faɗi farashi ran Litinin,
shi ne dai farashin ran Juma'a.
In na ce gobe, to goben ce.
Hajiya ta dawo, ta ce a cika mata hamsin,
ta karɓi kujera ta zauna.

Ba zan ɓoye ba, a markar Agusta
gajimare kan zauna a kan Kufena kwana uku,
batir ya yi ƙasa, a tada Acici daga barci.
Tattabarun maƙwabta sun mai da farantin makewayi,
duk Asabar Iliya na sama da tsumma da bokiti.
Saura wata goma sha huɗu a biyan rancen,
kullum na buɗe littafi yana nuna.

Tanimu ya yi fushi na sati biyu,
yau shi ke haɗa wa mutanen Samaru wayoyin sola.
Mun ɗauki mutum biyu, har da Asabe mai tankaɗe.
Da hayaniya ta ɗauke ne muka gane
Ladidi na rera waƙa in tana tsintar gyaɗa.
Shekara shida kenan, in ji ta, ba wanda ya ji.

Jiya da azahar Baba ya tsaya a tsakar fili,
ya kare ido da tafin hannu, ya ce,
"Shekara talatin tana dukan kwanon nan muna tsaki,
ashe aiki take nema."
Ban san a wane layi zan sa albashinta ba,
sai na rubuta a gefen shafi: rana.